Hasan Fathi na Masar: Gwanin da Ya Mayar wa Ginin Ƙasa da Martabarsa

 Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne rayuwar ɗaya daga cikin magabatan fasahar zayyanar gine-gine ta zamani, da kuma gadon da ya bar wa na baya. Da yake zauren nan ya haɗa masu karatun fannoni iri-iri, za mu kauce wa kalmomin da sai 'yan sashen zayyana kaɗai ke gane su, domin maganar gida magana ce da ta shafi kowa.

In aka tambayi ɗalibin zayyanar gini su wane ne suka aza harsashin wannan fanni a ƙarni na 20, sunayen da zai fara kawowa su ne Le Corbusier, haifaffen Suwizalan da ya yi zamansa a Faransa, da Walter Gropius wanda ya kafa makarantar Bauhaus a Jamus cikin 1919, da kuma Mies van der Rohe. Lalle sun cancanci ambato, gama su ne suka nuna wa duniya abin da ƙarfe da kankare da gilashi za su iya yi. Amma mu yau mun zaɓi wani ɗan nahiyarmu da ya yi zamani da su, wanda ya yi karatun zamani ya ƙware, sa'an nan ya tsaya a kan wata tambaya da masana'antun Turai ba su da amsarta: shin manomin da bai mallaki kuɗin buhun siminti ba, wane ne zai zayyana masa gida, kuma da me za a gina shi? Wannan mutum shi ne Hasan Fathi na ƙasar Masar.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Hasan Fathi a birnin Iskandariyya ran 23 ga watan Maris, 1900, a gidan wadata. Mahaifinsa yana da gonaki a karkara, amma ba ya son zuwa can, don a wurinsa ƙauye matattarar ƙuda ce da sauro da gurɓataccen ruwa. Mahaifiyarsa kuwa ta yi ƙuruciya a karkara, kullum tana ba 'ya'yanta labarin daɗinta. Tsakanin waɗannan labarai biyu yaron ya tashi. Da farko ma aikin gona ya so karantawa, bai samu shiga makarantar ba, sai ya koma fannin zayyanar gini a Alƙahira, ya gama a 1926. Koyarwar da aka yi masa irin ta Faransa ce zalla, watau a kwaikwayi ginshiƙan Girka da Rum, a kuma ɗauki siminti da rodi a matsayin kayan aikin mai ilmi. Daga 1930 ya shiga koyarwa a makarantar fasaha ta Alƙahira.

Aikinsa na fari shi ne wata makaranta a garin Talka, cikin yankin da kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Wannan aiki ne ya kai shi wata gonar gidansu da ke kusa, yana da shekara 27 da haihuwa, ya ga da idonsa irin wuraren da manoman da ke yi musu noma suke kwana: ɗakuna masu duhu, ba taga, ba makewayi, mutane da dabbobi wuri guda, hayaƙin girki ya turnuƙe ko'ina. Abin da ya gani ya tsaya masa a rai. Da ya yi lissafi sai ya ga cewa in da siminti da ƙarfe za a sake wa manoman Masar gidaje, to, ba gwamnati ba, ba mai gona ba, babu mai iya biya. Abu guda ne manomi ke da shi kyauta, watau ƙasar da ke ƙarƙashin sawunsa. Cikin 1937 ya baje zane-zanen gidajen tubalin ƙasa a garin Mansura domin mutane su ga abin da ake iya yi da ita.

Darasin Aswan

Ta da bango da ƙasa ba shi da wuya, kowane ƙauye ya iya. Inda gizo ke saƙa shi ne rufi. Dalili kuwa shi ne, ƙasa tana jure danni ƙwarai, amma ba ta jure ja ko lanƙwasawa, saboda haka in aka shimfiɗa ta a miƙe bisa ɗaki tilas ta rufta, sai an sa mata katako ko ƙarfe ya ɗauke ta. Masar kuwa ƙasa ce mai ƙarancin itatuwa, da jirgin ruwa ake kawo mata katako. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai hanya ta toshe, katako da ƙarfe suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba.

Cikin 1941 aka ba Fathi aikin gina wata gonar gwaji a Bahtim, kusa da Alƙahira. Ya san cewa mutanen da can suna rufe ɗaki da tubali kaɗai, su lanƙwasa shi kamar baka ba tare da sun tokara katako a ƙarƙashi ba. Ya sa maginan Alƙahira su gwada, rufin ya rushe. Nan ne yayansa, wanda ke aiki a madatsar ruwa ta Aswan, ya gaya masa cewa mutanen Nubiya, can kudancin Masar, ba su daina irin wannan rufi ba. Fathi ya kama hanya. A ƙauyen Garb Aswan ya tarar da gidaje dogaye masu tsabta, rufaffu da tubali, an yi wa ƙofofinsu ado, kuma talakawa ne suka gina abinsu da hannunsu. Ya ga irin rufin a tsohuwar maƙabartar Fatimiyyawa ta Aswan, ya kuma gan shi a rumbunan hatsin haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu a yammacin Luksor, waɗanda suka haura shekara 3,000 suna tsaye.

Ya kamata mu ɗan tsaya mu bayyana yadda ake yin wannan rufi, domin a nan ne hikimar take. Magina sukan ta da bangon ƙarshen ɗaki ya fi sauran tsawo, su zana siffar baka a jikinsa da damammiyar ƙasa, su gyara ta da gizago. Tubalin da suke amfani da shi falle ne mara nauyi, tsawonsa santimita 25, faɗinsa 15, kaurinsa 5, an yawaita masa karan alkama, an kuma ja masa layi biyu da yatsu tun yana ɗanye domin ƙasa ta kama shi. Sai su riƙa jingina tubalan a karkace a jikin bangon nan, sahu bisa sahu, kowane sahu yana kwance a kan na bayansa, har rufin ya miƙo ya rufe ɗakin. Siffar bakan kuwa ita ce wadda sarƙa kan yi in an rataye ta ta baki biyu, sai dai a nan an kifa ta. A wannan siffa kowane tubali danna ɗan'uwansa yake yi, babu inda ake jan ƙasar, nauyi duka yana gangarawa cikin bango. Magina biyu a kan katako guda, da yaro a ƙasa yana jefa musu tubali, su ke nan ma'aikatan.

Fathi ya ɗauko maginan Nubiya ya kawo su Bahtim, suka rufe ɗakunan da suka gagari maginan birni. A ganinmu wannan tafiya ita ce mabuɗin rayuwarsa duka. Malami ne mai koyarwa a babbar makaranta, ɗan masu dukiya, amma ya je ya tsaya a gaban mutanen da ba su taɓa shiga aji ba ya ce su koya masa. Abin da ya ƙara a kan iliminsu shi ne lissafi da gwaji da zane, har ya mai da dabarar ƙauye guda ta zama abin da za a iya rubutawa a koyar a ko'ina.

Sabuwar Gurna

A gaɓar yamma ta kogin Nilu, daura da Luksor, akwai wani tsauni mai cike da kaburburan manyan fadawan Fir'aunoni. A bisa waɗannan kaburbura mutanen Gurna suka gina gidajensu, su kimanin 7,000, kuma an daɗe ana zargin waɗansunsu da haƙo kayan tarihi suna sayarwa. Da aka sassaƙe wani zane sukutum daga jikin dutse aka sace, sai gwamnati ta yanke shawarar ta da su. Cikin 1945 Hukumar Kula da Kayan Tarihi ta ba Fathi aikin gina musu sabon gari a fili mai faɗin eka 50, a cikin gonaki kusa da kogi.

Hanyar da aka saba bi a irin wannan aiki ita ce a zana gida guda a maimaita shi sau ɗari tara, a jera kamar barikin soja. Fathi ya ƙi. Ya bincika dangogin garin da yadda suke zaune, ya raba sabon garin unguwa-unguwa bisa ga zumuntarsu, ya yi niyyar kowane iyali a zana masa gida daidai da yawansa da sana'arsa. Ya sa lunguna su zama matsattsu masu lanƙwasa domin inuwa, kowane rukunin gidaje da ɗan filinsa na taruwa. Ya gina masallaci, da kasuwa, da makaranta, da dandalin wasan kwaikwayo, da masauki inda masu sana'a za su zauna su koya wa yara saƙa da sauran ayyukan hannu, domin ya gane cewa in an raba mutane da hanyar abincinsu wajibi ne a ba su wata. Har cutar tsargiya ya yi wa tanadi: ramin da za a haƙa don ɗibar ƙasar gini, ya shirya a mai da shi tafki mai tsabta da za a riƙa sauya ruwansa.

Muhimmin abu a shirin shi ne mutanen garin su koyi ginin da kansu. Ra'ayinsa shi ne, gina gida ya fi ƙarfin mutum guda, amma in mutum goma suka haɗa hannu za su gina wa junansu gidaje goma. Mu da muka san aikin gayya ba ma bukatar dogon bayani a nan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tsarinsa mutum uku ne ke da hakki a kan kowane gida: mai gida, da magini, da mai zayyana. Ya ce zamani ya kori biyun farko ya bar na ukun tare da ɗan kwangila, shi kuwa so yake ya komo da su.

Abin da Ya Hana Aikin Ƙarewa

Mai yabon gwani ba ya ɓoye inda gwanin ya yi tuntuɓe. Cikin 1948 aikin Gurna ya tsaya, ba a gina ko rabin abin da aka zana ba. Ma'aikatan gwamnati sun yi ta jan ƙafa, har sayen karan da za a cuɗa da ƙasa sai ya ɗauki watanni ana jiran sa hannu. Annobar kwalara ta auka wa Masar a 1947. Wani dare kuma aka fasa ganuwar da ke tare ruwan kogi, ruwa ya malale sabon garin, kuma Fathi ya tabbata da gangan aka yi.

Amma babban dalili shi ne mutanen Gurna ba su so tashi ba. A kan tsauni suke da abincinsu, a can baƙi masu yawon buɗe ido ke samunsu, can iyayensu suka zauna. Ba wanda ya shawarce su kafin a yanke hukuncin ta da su, kuma duk kyan gidan da aka kai mutum cikinsa ala tilas, kurkuku yake gani. Bugu da ƙari, a wannan yanki an fi sanin ƙubba a kan kabari, saboda haka waɗansu suka ƙyamaci kwana a ƙarƙashinta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fathi ya tambayi mutanen irin ɗakin da suke so, amma tambayar da ta fi wannan girma, watau ko suna son tashi, an riga an amsa musu ita a ofis.

Daga baya mutane sun shiga gidajen da aka gama. Da iyali suka yawaita, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ya taso da gishirinsa ya ci harsashi, da yawa suka rushe nasu suka ta da benaye na kankare. Mutanen tsohuwar Gurna kuwa sai daga ƙarshen 2006 gwamnati ta kwashe su ta rushe gidajensu. Cikin 2009 hukumar UNESCO ta fara shirin ceto abin da ya rage na ginin Fathi, aka gyara masallacin da masaukin da dandalin wasan.

Fathi ya rubuta labarin wannan aiki duka, nasara da faɗuwa, a littafin da aka buga a Alƙahira cikin 1969, wanda Jami'ar Shikago ta sake bugawa a 1973 da sunan Architecture for the Poor, watau zayyanar gini domin talakawa. Abin mamaki, garin da bai ƙaru ba shi ne ya haifi littafin da ya zaga duniya.

Iska da Inuwa

Kada a ɗauka araha kaɗai ta sa Fathi ya riƙe ƙasa. Ya nuna da awo cewa a ƙasa mai zafi bangon ƙasa mai kauri ya fi siririn bangon siminti daɗin zama. Bangon da ya kai rabin mita yakan sha zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi, sa'an nan ya sake shi lokacin da gari ya yi sanyi. Tsakar gida kuma takan tara sanyin dare kamar yadda kwano ke tara ruwa, ta riƙe shi har hantsi.

Ya kuma farfaɗo da dabarun tsofaffin gidajen Alƙahira. Akwai abin da suke kira malƙaf, wata doguwar kafa ce da ke ɗagowa bisa rufi tana fuskantar arewa, inda iskar Masar ke fitowa. Takan kamo iskar sama mai sanyi mara ƙura ta sauko da ita cikin ɗaki, iska mai zafi kuwa ta tashi ta fice ta tagogin da ke can ƙarƙashin ƙubba. A makarantar Gurna ya sa jiƙaƙƙen gawayi a hanyar iskar, ya kuma ba da labarin cewa zafin aji ya ragu da digiri 10. Wanda ya taɓa shan ruwan randa da azahar ya san wannan hikima, domin tururin da ke fita ta jikin randa shi ke tafiya da zafi. Akwai kuma mashrabiyya, tagar katako mai ƙananan ƙofofi kamar rariya, wadda ke rage ƙyallin rana, ta bar iska ta wuce, ta kuma suturta na ciki daga idon na waje. Ya tattara wannan ilmi a littafinsa na biyu da ya fito a 1986. Duk wannan ba ya bukatar wutar lantarki ko kaɗan.

Sauran Rayuwarsa

Bayan Gurna ya shugabanci sashen gina makarantu na Ma'aikatar Ilmi, amma bai ji daɗin ma'aikata da 'yan kwangila ba, gama ginin da ba a sayen siminti da rodi ba ya barin riba ga mai neman riba. Cikin 1957 ya bar Masar ya tafi Atina ta ƙasar Girka, ya yi aiki da Doxiadis, mutumin da ya tsara birnin Islamabad, ya sa hannu a ayyukan gidaje na Iraƙi da Pakistan. Da ya komo aka ba shi aikin gina wani sabon gari, Baris, a dausayin Kharga cikin hamada. Ya gina kasuwa mai ɗakunan ajiya a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda iska kaɗai ke sanyaya su domin kayan lambu. Yaƙin 1967 ya tsai da wannan aiki shi ma.

Akwai wani abin takaici da ya kamata a faɗa. Daga cikin ayyuka kimanin 160 da ya zana, da yawan waɗanda aka gina gidajen masu hali ne, mawadata da masu fasaha da suka ga kyan ƙubba da tsakar gida. Talakan da ya yi wa wahala, shi gidan siminti yake buri, domin a idonsa ƙasa alamar talauci ce.

Girma ya zo masa da tsufa. Cikin 1980, yana da shekara 80, ya karɓi lambar musamman ta Aga Khan a shekarar da aka fara ba da ita, da lambar Right Livelihood ta ƙasar Suwidin, da lambar Balzan. A wannan shekara ya tafi jihar New Mexico ta Amurka da maginan Nubiya biyu, suka gina masallacin ƙasa a Abiquiu, Amurkawa suka taru suna koyo. Cikin 1984 ƙungiyar masu zayyanar gini ta duniya ta ba shi lambarta ta zinariya. Ya ƙare kwanakinsa a wani tsohon gida a unguwar Darb al-Labbana ta Alƙahira, ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam suna hawa benensa suna ɗaukar karatu. Ya rasu ran 30 ga Nuwamba, 1989.

Gadonsa da Abin da Ya Shafe Mu

Wanda ya je Madina ya ga aikin almajirinsa ko da bai sani ba, domin Abdulwahid al-Wakil, wanda ya yi shekaru yana koyo a wurinsa, shi ya zana sabon ginin Masallacin Ƙuba da aka gama a 1986, da tubali da ƙubbobi bisa tafarkin malaminsa. Kusa da mu kuma, waɗansu matasa da suka yi aiki da Fathi sun kawo rufin Nubiya ƙasar Nijar tun 1980, suka koya wa magina yin ɗaki ba tare da sare itace ko guda ba, a yankin da hamada ke cin daji. Cikin 2000 aka kafa wata ƙungiya a Burkina Faso domin yaɗa wannan rufi, kuma an yi dubban gine-gine da shi a can da Mali da Senegal da Gana da Binin. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando, ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami lambar Pritzker a 2022. Ga shi kuma masana sun ƙiyasta cewa yin siminti ne ke fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, abin da ya sa maganar da aka yi wa dariya a 1945 ta zama darasi a manyan jami'o'i.

Mu kuwa ba baƙin wannan ilmi ba ne. Maginanmu sun warware matsalar rufi ta wata hanya dabam da ta Nubiya. Sun sami azara daga giginya, wadda gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar rufi fiye da kimanin mita 2. Sai suka riƙa ɗaura ta daki-daki cikin ƙasa tana miƙowa daga bango har ta haɗu a sama, aka sami bakan gizo da ɗaurin guga. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, fiye da shekara 100 kafin aikin Gurna. Falke Barmu, magini manomi, ya fara masallacin Yama a jihar Tawa cikin 1962, ginin kuma ya sami lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji ta Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gama sabon masallaci da matsattsen tubalin ƙasa a 2018, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu.

To, ina muka kwana? A garuruwanmu, wanda duk ya sami kuɗi abin da yake fara yi shi ne ya rushe soron kakansa ya ta da bulo ya rufa kwano, sa'an nan watan Afrilu ya kore shi waje da tabarma, ko ya shiga sayen man janareta. Ba mu ce a ga laifinsa ba. Gidan ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, kuma duk damina mukan ji labarin gidajen da suka rufta a kan mutane. Ruwan da ke sauka a Kano a dare guda na watan Agusta ya fi wanda Luksor ke gani cikin shekaru, saboda haka kwafo zanen Fathi a dasa a nan ba zai yi ba, shi kansa ma da ya hana. Tambayoyin da ke gabanmu namu ne: wane irin harsashi zai hana danshi hawa bango, yaya za a inganta makuba da laso su daɗe, nawa ne ƙarfin tubalin da aka matsa da inji aka ɗan sa masa siminti, me zai maye gurbin azara yanzu da giginya ke ƙarewa? Waɗannan tambayoyi ne na ɗakin gwaji, kuma jami'a ce ke da ɗakin gwaji.

Kammalawa

Jama'a, darasi biyu muke so mu bar muku daga rayuwar wannan bawan Allah. Na farko daga Aswan yake: ilmin da muke samu a nan ba ya cika sai mun kai shi gaban waɗanda suka gaji sana'a, mun saurare su da ladabi, sa'an nan mun auna abin da suka faɗa da ma'aunin kimiyya. Tsofaffin maginan da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa, kuma kowane ɗaya ya tafi, da iliminsa yake tafiya. Muna kira ga 'yan sashen zayyana da na injiniya da na Hausa su haɗa kai, su je wurin Sarkin Magina na garuruwansu lokacin hutu, su auna, su zana, su rubuta sunayen abubuwa kafin su ɓace.

Na biyu daga Gurna yake, kuma ya shafi kowa a zauren nan. Da yawanku gobe ku ne za ku zauna a ofisoshin da ake yanke shawarar ta da ƙauye saboda madatsar ruwa, ko sauya wa kasuwa wuri, ko gina rukunin gidaje. In gwani irin Hasan Fathi, da ƙwarewarsa da kyakkyawar niyyarsa, ya kasa zaunar da mutane inda ba su zaɓa ba, to, kada waninmu ya zaci zai iya. A tambayi masu gida tun kafin a ja layin farko a takarda.

Shugaban taro, malamai da 'yan'uwa ɗalibai, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.